Yinin Ɗan Makaranta a Zamanin En'e: Daga Elementare Zuwa Midil

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna, ko Kano, ko Abuja, ko Legas, idan suka ji kakanninsu na cewa, "Wane ai tare muka yi elementare," ko kuwa, "Shi ya riga mu shiga midil," sai su yi sototo, domin kalmomin ba su cikin abin da suka taso suka tarar. Alhali kuwa waɗannan makarantu biyu su ne ƙofar da ma'aikatan farko na garinmu suka bi suka fita, kuma zaman da muke yi yau a birane reshe ne na wannan fita. Dattawan da suka zauna a waɗancan azuzuwa kullum raguwa suke yi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa sauran lafiya.

Saboda haka muka ga ya dace a fitowar bana mu bi ɗan makaranta na wancan zamani sawu da ƙafa, tun daga asuba har ya kwanta, da farko a elementaren gunduma, daga baya a Midil ta Katsina, wato daga wajejen 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1950. Abin da muke fatan mai karatu zai lura da shi shi ne, duk da ƙarancin kayan aiki, a cikin wannan yini babu sa'a guda da ba ta da mai kula da ita.

Yadda Boko Ya Iso Ƙasar Katsina

Ba Turawa suka kawo mana karatu ba. Hasumiyar Gobarau da kushewun Wali Ɗanmarna da Wali Ɗanmasani sun isa shaida cewa Katsina ta daɗe tana karɓar masu neman ilmi tun ɗaruruwan shekaru kafin 1903, shekarar da sojojin Ingila suka shigo. Abin da Turawa suka zo da shi wani tsarin karatu ne na daban, mai ƙararrawa da rajista da jarrabawa. Makarantar gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan da suka fara hango inda duniya ta dosa, suka ba wannan karatu goyon baya. A zamaninsa ne Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tsohon gininta shi ne gidan adana kayan tarihi na Katsina a yau.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilmi na Arewa da Kudu, daga nan kuma aka tsara karatu hawa-hawa. Hawan farko shi ne elementare, shekara huɗu, ana koyarwa da Hausa, kuma galibi a garuruwan hakimai take. Hawa na biyu shi ne midil, makarantar kwana a babban birnin lardi, inda ake shiga Turanci gadan-gadan. Na uku shi ne kwaleji, wadda sai wane da wane ke kaiwa gare ta. En'e ce ke gina elementare da midil, ita ke biyan malamai daga baitulmali, wato daga harajin iyayenmu da jangalin makiyayanmu, Baturen makaranta kuma yana zagayawa yana dubawa. Da aka kafa Lardin Katsina a 1934, aka haɗa masarautun Katsina da Daura, Midil ta Katsina ce inda yaran ƙasashen biyu ke haɗuwa.

Ɗaukar Yara

Kafin mu shiga yinin kansa, ya kamata mu faɗi yadda yaro ke samun kansa a makarantar. A shekarun farko da wuya a sami uban da zai kai ɗansa da kansa. Umurni ke fitowa daga birni zuwa ga hakimi, hakimi ya raba wa dagatai, dagatai su raba wa masu unguwa, a ce kowane gari ya kawo yara kaza. Ranar da labari ya ɓulla, sai ka ga an ɓoye yaro a rumbu, ko an tura shi ƙauye wajen kawunsa, ko an haɗa shi da malamin allo sun tafi ci-rani. Wani mai hali kan ba da toshiya a tsallake gidansa, a je a ɗauki maraya ko ɗan bara. Iyaye na tsoron kada a raba 'ya'yansu da addini, kuma suna ganin an ɗauke masu hannun da zai taya su noma. Ikon Allah, da yawa daga cikin waɗanda aka tura don ba su da mai tsaya masu, su ne daga baya suka dawo da alƙalami a aljihu ana yi masu barka da zuwa.

Tun da ba a rubuta ranar haihuwa, sai a sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya ɓangaren. In hannu ya kai, ya isa shiga. Yaran da aka kawo daga ƙauyuka kuwa sai a raba su gidaje, wasu gidan hakimi, wasu gidan malamai, wasu gidan mai masaukin dagacinsu, su zauna a can kamar 'ya'yan gida har lokacin hutu.

Daga Asuba Zuwa Hantsi

Yinin ɗan elementare ba da ƙararrawa yake farawa ba, da kiran assalatu yake farawa. Ya tashi ya yi alwala ya bi mahaifinsa ko mai gidansa masallaci, ya ɗauki allonsa ya nufi zauren malam ya biya karatu. In damina ce, ya kai awaki bakin gari ya ɗaure, in rani ne, ya jawo ruwa a rijiya. Ya kurɓi koko ko ya ci ɗumamen tuwon jiya, ya zura 'yar taguwarsa da hula, ya kama hanya ba takalmi. A lokacin hunturu wannan tafiya ba ƙaramar jarrabawa ba ce, ƙafa duk faso, hannuwa a hammata, haƙora na kaɗawa.

Aikin farko a makaranta shara ce. Kowane aji da yankinsa, kowane yaro da tsintsiyarsa, monita na tsaye yana rubuta sunan wanda ya makara. Sai a buga ƙararrawa, wadda sau da yawa guntun ƙarfe ne aka rataye a reshen bedi ko tsamiya. Yara su jeru sahu-sahu, a yi atisaye don jini ya motsa, sannan a shiga duba tsabta. Malam na bin layi yana duban farce da haƙora da gashin kai da wuyan riga. Mai ƙwarkwata a tura shi wajen wanzami, mai ƙazwa ko makero ko gyambo a haɗa shi da babban yaro a kai shi wurin malamin asibiti. Wanda bai yi asuwaki ba kuwa, bakinsa ne zai tona masa asiri.

Bayan haka sai kiran rajista, kuma a nan ne ake gane cewa makarantar ba ta malamai ba ce su kaɗai. Yaron da bai amsa sunansa ba, ba a bari rana ta yi tsaka ba a san inda yake ba. A tura ƙarfafan yara huɗu su je su ɗauko shi, ko yana bayan rumbu, ko yana bakin rafi. In abin ya yi yawa, hedimasta ya kai magana fada, hakimi ya aika a kira uban. Zuwan yara makaranta yana cikin abin da ake tambayar hakimi a kai idan ya je birni, shi ya sa shi ma ba ya wasa da shi.

A Cikin Aji

Ɗakin karatu ginin ƙasa ne, an yi masa daɓe, da tagogin katako. 'Yan aji ɗaya a ƙasa suke zama, kuma ƙasar ce littafinsu na farko. A fitar da su gindin itace, kowa ya share gabansa ya baje rairayi, malam ya zana baƙi a allo, su kwaikwaya da ɗan yatsa, su shafe, su sake. Sai an iya baƙaƙe da wasula a ƙasa sannan a ba yaro sileti, ya riƙa gogewa da ɗan tsumma, ko da gefen rigarsa in malam ya juya baya. Littafin rubutu da alƙalami mai bakin ƙarfe da kurtun tawada sai manyan azuzuwa, kuma ranar da yaro ya fara komawa gida da tabon tawada a yatsa, ji yake ya zama akawu. Babban allo kuwa in ya koɗe, yara ne ke dakan gawayi su shafe shi ya dawo baƙi wuluk.

Lissafin wancan zamani ya fi na yanzu wuyar sha'ani, domin kuɗin ba goma-goma suke tafiya ba. Anini goma kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo tara nai, kwabo 12 sule, sule biyu fataka, sule 20 fam guda. Yaro sai ya haɗa, ya ɗebe, ya raba duk a cikin wannan tsari, ga kuma inci da ƙafa da yadi da mil. Haka aka yi ta yi har zuwan naira da kwabo a 1973. Jadawalin sau kuwa da baki ake rera shi, aji duka murya ɗaya, har mata a gidajen maƙwabta su hardace ba su sani ba.

Ta fuskar littattafai, ɗan elementare na shekarun 1930 ya taki sa'a, domin a lokacinsa ne aka fara samun abin karantawa da Hausar boko mai daɗi. Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Daga 1937 kuma Magana Jari Ce ya fara fitowa, littafi uku, an rubuta shi musamman domin 'yan makaranta. A cikin waɗannan shekaru ne kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a rubutunmu. Daga baya ƙananan azuzuwa suka sami Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu. Littafi ɗaya yara uku ko huɗu ke leƙawa, kuma idan an gama a mayar da shi kabad a kulle. Dattawanmu da dama sun shaida cewa son jin yadda labarin aku zai ƙare shi ya hana su gudu daga makaranta.

Akwai kuma labarin ƙasa, wanda ake farawa da zanen ɗakin aji, sannan gari, sannan gunduma, sannan lardi. Akwai tarihi, da kiwon lafiya, inda ake koyar da illar sauro da ƙuda da ruwan kududdufi mai kawo kurkunu. Sai malamin Arabiyya, wanda galibi dattijo ne sananne a gari, ya shigo ya koyar da Alƙur'ani da farillan alwala da salla. Kasancewarsa a cikin makarantar ya kwantar da hankalin iyaye da yawa, domin suna cewa inda malam wane ke zaune ba za a kafirtar da yaro ba.

Ba za mu ɓoye maganar bulala ba. Tsumagiya ba ta barin teburin malam, kuma akwai malaman da suka wuce gona da iri. Makara duka, kuskuren lissafi duka, ɗigon tawada duka. Akwai yara masu ƙwaƙwalwa da tsoron duka ya kore su, suka gudu ba su sake dawowa ba, garinmu ya yi asararsu. Kukan yaro kuma ba ya zuwa ko'ina, domin in ya kai ƙara gida, abin da zai ji shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tara, Aikin Hannu da Tashi

Da hantsi ya ɗaga sai a buga ƙararrawar tara, kalmar da har yau muke amfani da ita idan muka ce kuɗin tara. Na kusa su ruga gida su sha fura ko kunu, na nesa su tsaya bakin makaranta inda 'yan talla ke jira da ƙosai da dafaffen rogo da gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mai anini ya saya, marar shi ya raɓi abokinsa. Abotar da aka ƙulla a kan ɓarin ƙuli-ƙuli a wancan lokaci, wata har jikoki ta kai.

Bayan tara, idan rana ta fara zafi kai ya gaji da ƙidaya, sai a koma aikin hannu. Masu sana'a na gari, masaƙi ko baduku ko maƙeri, su ne ke koya wa yara, wasu kuma su tufka igiya ko su saƙa tabarma. Kowace makaranta tana da gonarta, inda ake koyon shuka a layi da tara taki da zaɓen iri, musamman na gyaɗa da auduga, waɗanda su ne kuɗin ƙasarmu a lokacin. Kafin azahar ta yi nisa an tashi.

Tashi daga boko ba shi ne ƙarshen yini ba. Yaro ya ci abinci, ya kai wa mahaifinsa fura gona, ko ya yi wa dabbobi ciyawa, da la'asar ya koma makarantar allo. Bayan magariba a hura wutar kara a ƙofar gidan malam a yi karatun dare, in akwai farin wata kuma a fita dandali a yi langa da 'yar ɓoye. A irin wannan lokaci ne amfanin ɗan boko ya fara bayyana ga mutanen gari. Shi ake kira ya duba takardar haraji ya tabbatar abin da aka biya shi aka rubuta. Shi ke raka mahaifinsa kasuwar auduga ya leƙa sikeli. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a wannan shekara, shi ke zama a tsakiyar dattawa yana karanta masu labarin Hitila. Shi ne kuma ke karanta wa uwa wasiƙar ɗanta soja daga Bama, ya rubuta mata amsa. Sannu a hankali, masu ɓoye 'ya'ya a rumbu suka fara zuwa da kansu suna neman gurbi.

'Yan mata fa? A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Katsina da Kano, daga baya aka fara sa kaɗan a elementaren gundumomi. Yininsu ya fi na maza nauyi, domin kafin su fito sai sun yi shara da wanke-wanke, in sun koma ga talla da surfe na jiransu, kuma mafi yawansu aure ke cire su kafin su gama aji huɗu. 'Yan ƙalilan da suka jure su ne suka zama malamanmu mata da ungozomomin asibiti na farko.

Hanyar Midil

A ƙarshen aji huɗu ake jarrabawar shiga midil, kuma gurbin kaɗan ne ƙwarai, domin makaranta ɗaya ce ga lardi duka. Daga aji guda bai fi a ɗauki 'yan ƙalilan ba, sauran su koma gona ko sana'ar gado da ɗan karatun da suka samu. Wanda aka ɗauka kuwa, ranar tafiyarsa gidansu kamar ana zaman makoki. Yaro ɗan shekara 11 ko 12, a ɗaure masa tabarma da ɗan akwati, a ƙulla masa dakuwa da ƙuli-ƙuli, a haɗa shi da wani babba ko da fatake. Na gundumomin nesa, musamman na kudanci, tafiyar kwanaki suke yi a ƙasa ko bisa jaki, kafin motocin lori su yawaita. Da yawansu ranar ce suka fara ganin ganuwar birnin Katsina.

Yini a Midil

A midil babu uwa babu kaka, ƙararrawa ce ke mulki, manyan ɗalibai da aka naɗa shugabannin ɗakunan kwana su ne dogaranta. Tun da jijjifi su tashi kowa, a yi sallar asuba cikin jam'i, a naɗe shimfiɗa, a share ɗaki da tsakar gida, a ɗebo ruwa a yi wanka komai sanyi. Ƙananan yara, ban da nasu aikin, su ne masu wankin manya da ɗaukar masu kwano, kuma kowa na haƙuri ne da sanin cewa wata rana shi ma zai zama babba. En'e ke ciyarwa, ita ke ba da tufafi da sabulu. Bayan an karya kumallo sai fareti da duba tsabta, wanda ya fi na elementare tsanani nesa ba kusa ba, sannan a shiga aji.

Sabon zuwa yakan fara da ajin share fage da ake kira rimub, inda babban aikin shi ne koyon Turanci, domin daga nan gaba da shi za a riƙa koyar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kimiyya. Yaron da jiya shi ne zakara a gundumarsu, yau ya zama kurma, ana magana yana bin bakin malam da kallo. Malaman kuwa samari ne da suka fito daga Kwalejin Katsina, masu ji da iliminsu. A Midil ta Katsina Malam Abubakar Imam ya fara koyarwa a 1932, yana can ne ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Malam Isa Kaita, wanda daga baya ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa, shi ma ya riƙe alli a wannan makaranta. Ke nan ɗan talaka daga ƙauye yana iya samun kansa a gaban mutumin da ya rubuta littafin da ke hannunsa.

Da azahar a yi salla, a ci abinci, a ɗan kishingiɗa. Bayan la'asar kowa sai ya fita fili, domin wasa dole ne kamar lissafi. Akwai ƙwallon ƙafa, da hoki, da kurket, da guje-guje, sai kuma wasan fayif, wanda ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Daga makarantar Eton ta Ingila malaman Turawa suka kawo shi, ya sami gindin zama a Katsina, Sardaunan Sakkwato kuma ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa. Da magariba a yi salla, a ci tuwo, bayan lisha a koma aji a yi bitar dare da fitilar kananzir, sannan a buga ƙararrawar kwanciya. A wannan duhu ne ƙananan yara ke jan bargo su rufe kai su yi kukan gida, ba mai ji.

Ranar Juma'a a sa fararen kaya a jeru a tafi masallaci, mutanen birni na kallo. Ranar 24 ga Mayu kuma, wato Ranar Empaya, a yi fareti da tsere da jan igiya a gaban manyan gari. Wanda ya kammala, in ya yi fice, ya wuce kwaleji, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Sauran kuwa aiki na jiransu: malamin makaranta, malamin hakimi, malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, akawun baitulmali. Ta wannan tsani Hassan Usman Katsina ya hau, daga elementaren Kankiya zuwa midil zuwa kwaleji, har ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1966. Marigayi Muhammadu Buhari yana cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka shiga midil, ya gama sakandaren lardi a 1961.

Abin da Ya Biyo Baya

A tsakiyar shekarun 1950 aka sauya tsari. Elementare ta zama ƙaramar firamare, aka ƙara babbar firamare ta shekara uku, midil kuma ta rikiɗe ta zama sakandaren lardi. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, a wannan shekarar ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya rufe babin En'e. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, a 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara.

Babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da lardi guda ke da midil ɗaya, ana kamo yara da ƙarfi, mata na can a baya. Buɗe ƙofar da aka yi alheri ne, kuma da yawanmu ta nan muka shigo. Sai dai a cikin wannan faɗaɗawa wani abu ya salwanta. Yara sun ninka, malamai da ɗakuna ba su ninka daidai da su ba. Hakimi ya daina zama wanda ake tambaya, ba a kuma maye gurbinsa da wani wanda gari ya sani ba. Makaranta ta tashi daga "tamu" ta koma "ta gwamnati". Makarantar kwana kuwa, wadda a da kewar gida ce babbar wahalarta, ta zama abin fargaba ga iyaye tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ko da yake Allah Ya sa an sako su bayan kwanaki.

Kammalawa

'Yan'uwa, mafi yawanmu lokacin Salla ko biki ko ta'aziyya muke zuwa gida, wato sa'ad da makarantu ke rufe. Muna wucewa ta gaban firamaren garinmu a mota, mu ga fentin bango, ba mu ga yini ba. Ginin aji da rufin kwano abin godiya ne, amma tarihin da muka bi ya nuna cewa yaran da suka koyi baƙaƙe a kan rairayi sun yi karatu ne domin akwai wanda zai tambaya in ba su zo ba, akwai kuma wanda zai tambayi mai tambayar.

Shawararmu ita ce, duk wanda Allah Ya kawo shi gida a ranar aiki, ya daure ya shiga makarantar da safe. Ya gaisa da hedimasta, ya tsaya a kira rajista, ya ƙidaya yara kafin tara da bayan tara, ya ga 'yan mata nawa ne a aji shida, ya miƙa wa ɗan aji huɗu littafin Hausa ya ji ko zai iya karantawa. Ya zauna da kwamitin iyaye da malamai ya ji abin da ke damunsu, sannan ya kawo mana abin da ya gani a taro na gaba, domin gani ya kori ji. Waɗanda kuma ke da sauran dattijo a gida da ya yi elementare ko midil, su zauna da shi su ɗauki muryarsa, su rubuta sunayen malamansa da abokan ajinsa tun ana iyawa, mu adana a wannan mujalla.

Allah Ya gafarta wa malamanmu na allo da na boko, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa na baya su fi na gaba. Amin.